Filin Koyon Turanci: Mece Ce "Cliffhanger"?

 

Darasin wannan fitowa ku kuka jawo shi. A fitowar da ta wuce mun liƙa kashi na ɗaya na wani gajeren labari da ɗaya daga cikinmu ya rubuta, na yaron nan da mahaifiyarsa ta ɗauki adashi ta aike shi Kasuwar Kurmi ya sayo mata kayan sana'a. In ba ku manta ba, mun tsaya daidai inda ya gama ciniki, ya sa hannu a aljihu ya ji wayam. A ƙasa muka rubuta cewa za mu ci gaba. Kafin kwana uku akwatin wasiƙunmu ya cika da ƙorafi. Wata takarda ta ce rowar takarda muke yi. Wata ta ce in ba mu da ƙarshen labari, me ya kai mu farawa. Wani ƙaninmu ɗan aji ɗaya ma har bakin famfo ya tare sakataren ƙungiya, ya ce shi dai a raɗa masa a kunne ko an ga kuɗin, ba zai gaya wa kowa ba.

Da muka kai takardun wurin uban ƙungiya, wato malaminmu na Turanci, sai ya yi murmushi ya ce, "Ai cliffhanger kuka yi musu." Muka dubi juna. Ya ce ba zai fassara mana ba, mu je mu buɗe ƙamus mu bincika, abin da muka samo mu liƙa kowa ya amfana. Ga abin da muka samo.

Yadda aka gina kalmar

Cliffhanger harɗaɗɗen suna ne, wato kalmomi biyu aka haɗa suka ba da ma'ana guda, kamar yadda muke da ci-rani da dafa-duka da faɗi-tashi a Hausa. Kalma ta farko ita ce cliff. Ma'anarta dutse ko gaɓa mai tsawo wadda gefenta ya miƙe tsaye kamar katanga, irin wurin da in ƙafa ta goce babu inda mutum zai tsaya sai ƙasa. Duk wanda ya taɓa hawa Dutsen Dala ya san akwai ɓangaren da aka yi wa matakala, akwai kuma gefen da in ka matsa ka leƙa sai ka hango rufin gidaje can ƙasa, gabanka ya faɗi, ka ja da baya. Wannan gefen shi ya fi kusa da abin da Bature yake kira cliff.

Kalma ta biyu ita ce hanger, daga aikatau hang, wato rataya ko reto. Wannan ba baƙuwarmu ba ce, domin hangar da muke rataye riga a jikinta ita ce dai muka ara muka hausantar. Ɗafa-ƙeyar nan ta "er" tana nuna mai yin abu ko abin da ake yi da shi, kamar yadda teach ta haifi teacher.

To, a haɗa su biyun. Mutum ya zame daga gefen dutse, ya samu wata saiwa ya damƙe, ƙafafunsa suna reto a iska. Bai faɗi ba, bai kuma tsira ba. Kai da kake kallonsa daga ƙasa ba ka iya tafiya, ba ka iya ɗauke ido. In ka riƙe wannan hoto, ka riƙe kalmar.

Furuci da rubutu

Wurare uku ne bakinmu yakan yi tuntuɓe. Na ɗaya, f da p sukan cakuɗe mana a Turanci, domin a Hausa sauti ɗaya gare mu a wurin. Wanda ya ce clip maimakon cliff ya koma maganar abin maƙale takarda ko guntun bidiyo. Wajen furta f ta Turanci, haƙoran sama ne suke taɓa leɓen ƙasa iska ta fita. Na biyu, mun saba cusa wasali tsakanin baƙaƙe, sai mu ce "kilif". A Turanci gaɓa ɗaya ce tak, k da l a manne suke. Na uku, g ɗin da ke cikin hanger ba a fito da ita. Sauti ne na hanci, irin wanda ake ji a ƙarshen kalmarmu "can" in mun tsaya a kanta. Haka singer take. Amma a finger da anger da hunger ana jin g sarai.

Gaɓar farko ake dannawa wajen faɗa. Wajen rubutu kuma f biyu ce, kuma za ku iske ta a haɗe, cliffhanger, ko da karan ɗori, cliff-hanger. Duka biyun suna cikin ƙamus. A dai kula kada a rubuta hangar da harafin a, domin wannan rumfar ajiye jirgin sama ce.

Ma'ana ta farko: inda aka yanke labari

Cliffhanger ita ce ƙarshen wani kashi na labari, ko fim, ko wasan kwaikwayo, da aka yanke da gangan daidai lokacin da abu ya ɗau zafi, don mai karatu ko mai kallo ya ƙosa ya ga na gaba. Abin da muka yi wa yaron Kasuwar Kurmi ke nan, ko da yake a lokacin ba mu san sunansa ba.

A Ingila ta ƙarni na 19, littattafai da dama a mujallu aka fara buga su kashi-kashi, mako-mako ko wata-wata, kuma Charles Dickens na cikin waɗanda suka yi suna da hakan. Mai mujalla yana son a sayi ta gaba, saboda haka marubuci yakan tsaya inda ba a so ya tsaya. Misalin da aka fi ambata shi ne littafin Thomas Hardy mai suna A Pair of Blue Eyes, wanda aka buga a mujallar Tinsley's Magazine daga Satumba 1872 zuwa Yuli 1873. A cikinsa akwai inda wani mutum mai suna Henry Knight ya maƙale a gefen dutse a bakin teku yana jiran ajali, har wata budurwa ta yayyaga wasu daga cikin tufafinta ta yi igiya ta jawo shi. Mutane da yawa suna danganta kalmar da wannan wuri. Ita kalmar kanta kuwa a Amurka ta bayyana a rubuce, a shekarun 1930, inda aka riƙa kiran finafinan nan da ake nunawa mako-mako a silima da ita. Kowane mako sai a rufe kashi jarumi yana cikin haɗari, don 'yan kallo su dawo da kuɗin tikiti mako mai zuwa.

Talabijin ta gaji wannan dabara. A ranar 21 ga Maris 1980, wani shiri na Amurka mai suna Dallas ya rufe zangonsa da harbin ɗaya daga cikin manyan taurarinsa, J.R. Ewing, ba tare da an nuna wanda ya yi harbin ba. Sai ranar 21 ga Nuwamba aka bayyana, bayan wata takwas, kuma sama da mutum miliyan 80 ne suka kalli kashin a Amurka. Wanda ya fi kusa da mu shi ne fim ɗin Indiya Baahubali. Kashi na farko ya fito a Yuli 2015, ya ƙare da Kattappa, amintaccen bawan nan, yana faɗa da bakinsa cewa shi ya kashe Baahubali. Dalili fa? Sai da aka jira har Afrilu 2017 kafin kashi na biyu ya ba da amsa. Yayyenmu da suka kalle shi a lokacin sun san irin musun da aka sha a majalisu.

Mu ma muna da abin tun tuni

Sunan ne baƙo a wurinmu, dabarar kam mun daɗe da ita. A cikin Dare Dubu da Ɗaya, Sarki Shahriyar yakan auri mace yau, gari na wayewa ya sa a kashe ta. Shahrazad da ta aure shi sai ta fara ba shi labari da dare, asuba na yi ta yi shiru ana tsakiyar daɗi. Sarki ya ɗage kisa don ya ji ƙarshe, dare na gaba ta ƙarasa wancan ta ɗauko wani. A wurinta yanke labari a inda ya dace shi ne bambancin rai da mutuwa.

A nan Kano, tun daga ƙarshen shekarun 1980 marubuta littattafan hikaya suka riƙa fitar da littafi kashi-kashi, na ɗaya da na biyu har da na uku. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a haka ya fito. Kuɗin ɗab'i yana da nauyi, marubuci yakan sayar da na ɗaya ya samu abin buga na biyu, don haka dole ya rufe na ɗaya a inda mai karatu zai koma shagon littattafai yana tambaya ko ci gaban ya fito. Ku tambayi iyayenmu mata da yayyenmu, za su ba ku labarin jiran. Yau kuma shirye-shirye masu dogon zango irin su Labarina na Aminu Saira, wanda aka fara nunawa a tashar Arewa24 a 2020, da Daɗin Kowa, su suke riƙe mutane daga mako zuwa mako.

Ma'ana ta biyu: takarar da ba a san gwani ba

Daga labari sai kalmar ta tsallaka zuwa rayuwa. Jaridun Turanci suna kiran wasa, ko zaɓe, ko shari'a da sunan cliffhanger idan aka yi kankankan, ba a san wanda zai yi nasara ba sai a ƙarshen ƙarshe. Bahaushe ya ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Ku tuna wasan kusa da na ƙarshe na gasar cin kofin Afirka tsakanin Najeriya da Afirka ta Kudu, wanda aka buga a Bouaké ta ƙasar Kwaddibuwa ranar 7 ga Fabrairu 2024. Najeriya tana gaba da ci ɗaya na fenaritin William Troost-Ekong. Ana dab da tashi Victor Osimhen ya jefa ta biyu, gidajen kallo suka kaure da ihu. Sai alƙalin wasa ya je ya duba na'ura, ya soke ƙwallon, ya kuma ba Afirka ta Kudu fenariti saboda ƙetar da aka yi tun kafin a kawo harin. Teboho Mokoena ya farke a minti na 90. Aka yi ƙarin lokaci ba ci, aka tafi bugun fenariti, Stanley Nwabali ya kaɗe biyu, Najeriya ta ci 4 da 2. Wannan wasa cliffhanger ne cikakke. Wasan da aka lallasa wani da ci biyar da nema tun kafin hutun rabin lokaci kuwa, komai daɗinsa, bai cancanci sunan ba, domin babu wanda ya rataya.

Haka zaɓen gwamnan jihar Kano na 2019. An kaɗa ƙuri'a ranar 9 ga Maris, hukumar zaɓe ta INEC ta ce bai kammala ba, domin yawan masu zaɓe a rumfunan da aka soke ya fi tazarar da ke tsakanin manyan 'yan takara biyu. Sai ranar 23 ga Maris aka sake kaɗawa a waɗancan rumfuna. Mako biyu gari yana zaman jira. Mu a nan ba ruwanmu da wanda ya ci ko wanda ya faɗi, kalma muke koyo.

'Yar uwarta suspense

Ba a maganar cliffhanger a bar suspense, kuma a nan ne ruɗani yake shigowa. Suspense shi ne halin da zuciya take shiga idan mutum bai san abin da zai faru ba, alhali abin ya dame shi. Gauraye ne na ɗoki da fargaba. Cliffhanger kuwa ita ce wurin da aka yanke labarin, ko takarar da ta jefa ka a wannan hali. Ɗaya tana kan takarda ko a filin wasa, ɗayan yana cikin ƙirjinka.

Abin sha'awa, shi ma suspense daga rataya ya fito. Asalinsa kalmar Latin ce, suspendere, wadda take nufin a rataye abu, kuma ta hanyar Faransanci ta shigo Turanci. Ashe kalmomin biyu hoto ɗaya suke ɗauke da shi.

Misalin da kowa ya sani shi ne yammacin ranar 29 ga watan azumi. An sha ruwa, kowa ya kasa kunne ga rediyo yana jiran sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi daga Sakkwato. Gobe Salla ko sai jibi? Uwar gida ba ta san ko ta ɗora tukunyar tuwon Salla ko ta shirya sahur ba. Wanda ɗinkinsa yake wurin tela yana addu'ar a cika talatin, ƙannensa kuma suna addu'ar a ga wata. Wannan zaman shi ne suspense.

Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda littafinsa na ɗaya ya fito a 1937, zai ƙara fito mana da bambancin. Sarki ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri kuma ya ƙulla masa makirci. Kullum dare Musa yana so ya fita, aku yana riƙe shi da labari har gari ya waye. Aku yakan kai labarinsa ƙarshe, ba irin yankewar Shahrazad yake yi ba. Amma mai karatu yana cikin zullumi tun daga farko: yau Musa zai fita ya faɗa tarko, ko aku zai sake riƙe shi? Wato ana iya samun suspense ba tare da cliffhanger ba, amma cliffhanger da ba ta haifar da suspense ba aikin banza ce.

A kuma bambanta shi da surprise, wato ba-zata. Alfred Hitchcock, ɗan Ingilan nan da ya shahara wajen shirya finafinan zullumi, ya taɓa bayyana bambancin da misalin bam a ƙarƙashin tebur. Bari mu kawo namu misalin. Yaro ya zura ƙafa a takalmi, kunama ta harbe shi, mai kallo ya zabura. Wannan ba-zata ce, daƙiƙa biyu ta wuce. Amma a ce an nuna mana kunamar tana shiga takalmin tun da dare. Da safe yaron ya tashi, ya yi alwala, ya sa riga, ya ɗauki jaka, ya nufi takalmin, sai mahaifiyarsa ta kira shi, ya je ya dawo, ya sake sunkuyawa. Duk tsawon wannan lokaci numfashinka a riƙe yake. Wannan shi ne suspense. Masu ɗaukar darasin adabin Turanci su riƙe wannan da kyau, domin yana cikin kalmomin nazarin adabi da ake sa ran ɗalibi ya sani a jarrabawar WAEC da NECO.

Yadda ake sa su a jimla

Cliffhanger suna ne da ake iya ƙirgawa. Tilonsa yana tafiya da a, jam'insa kuma cliffhangers. Idan ana maganar ƙarewar labari, kalmar on ce take rakiyarsa.

The first part of the story ended on a cliffhanger.
Kashi na farko na labarin ya ƙare ya bar mu a rataye.

The semi-final was a real cliffhanger.
Wasan kusa da na ƙarshe ba a san gwani ba sai da aka hura tashi.

Yakan kuma zo gaban wani suna ya yi aikin sifa.

Many readers complained about the cliffhanger ending.
Masu karatu da yawa sun koka da yadda aka yanke ƙarshen.

Suspense kuwa ba a ƙirga shi. Ba ya ɗaukar a, ba shi da jam'i, kuma in ce take rakiyarsa. Sifarsa ita ce suspenseful.

We waited in suspense for the announcement.
Mun yi zaman zullumi muna jiran sanarwar.

Please don't keep us in suspense.
Don Allah kada ka ja mana rai.

The last chapter is full of suspense.
Babin ƙarshe cike yake da abin da ke hana mutum sakat.

Za ku iya cin karo da a suspense novel. A nan a ɗin ta novel ce, suspense bayani kawai yake yi a kan irin littafin.

Akwai wasu kalmomi na kusa da za ku gani a shafin wasanni. Nail-biter wasa ne da ya sa mutane cizon farce don fargaba, kuma kusan ɗaya yake da ma'ana ta biyu ta cliffhanger. Idan aka ce takara went down to the wire, ana nufin sai a daƙiƙar ƙarshe aka san gwani. Wanda aka ce yana on tenterhooks kuwa yana zaman ɗar-ɗar ne.

Kurakuran da muka fi yi

Na farko, mutum ba ya zama cliffhanger, ba ya kuma shiga cikinta. Kuskure ne a ce I was in cliffhanger. Daidai shi ne I was in suspense.

Na biyu, kuskure ne a ce the film has many suspenses. A ce the film has a lot of suspense.

Na uku, kuma shi ya fi yawa a rubutunmu, shi ne rikita suspense da suspension. Tushensu ɗaya, amma aikinsu daban. Suspension ita ce dakatarwa, irin wadda ake yi wa ɗalibin da ya karya doka ko ɗan ƙwallon da aka ba jan kati. Wanda ya rubuta he was given two weeks' suspense ya ce ne an ba mutum zullumin mako biyu, alhali dakatarwa yake nufi. Ita kuma suspicion zargi ce ko zato, tare take da suspect, kuma daga wani tushe daban ta fito mai nufin dubawa. A jarrabawar zaɓi-ɗaya irin ta JAMB, kalmomi masu kama da juna irin waɗannan su ne ramin da mai gaggawa yake faɗawa.

Na huɗu, ba kowane ƙarshe mai ban tausayi ko mai ban mamaki ne cliffhanger ba. Idan jarumi ya mutu aka binne shi labari ya rufe, an gama. Sai in an bar tambaya a buɗe, kuma akwai alamar amsa tana tafe.

Me za mu kira ta da Hausa?

A nan ne muka yi musu a taron ƙungiya har aka buga ƙararrawa. Game da suspense ba mu sha wahala ba, muna da zullumi, da ɗar-ɗar, da jan rai, kowanne da inda ya fi dacewa. Cliffhanger ce ta gagare mu. Wasu suka ce "tsaka mai wuya", aka ce wannan halin jarumin ne, bai taɓo yankewar ba. Wasu suka ce "ta leƙo ta koma", aka ce wannan abin da aka sa rai ne ya kuɓuce. Wasu suka kawo "kankankan", aka yarda ta dace da wasa da zaɓe amma ba ta dace da labari ba. Shawarwari biyu ne suka rage a kan tebur, "yanke-daɗi" da "bari-a-rataye". Ba mu tsayar da ɗaya ba. Malamanmu na Hausa da duk mai shawara, akwatinmu yana nan a gindin allo.

Ga marubuta, ga kuma masu kallo

Da yawa daga cikinku kuna aiko mana da labarai, kuma mun san bayan wannan darasi kowa zai so ya gwada. To, ku sani cliffhanger bashi ce. Ka karɓi haƙurin mai karatu da alkawarin za ka biya shi da amsa. Sharaɗi na farko, ka sa mu damu da wanda ka rataye tukuna. Da ba ku san cewa kuɗin adashi ne, kuma uwar da su ta dogara ba, da ba wanda zai tare sakatarenmu a bakin famfo. Na biyu, haɗarin ya fito daga cikin labarin, kada a jefo shi daga sama don kawai shafi ya ƙare. Na uku, in ka tashi biya ka biya da gaskiya. Wanda ya bar jarumi a bakin kura, a kashi na biyu ya ce ashe mafarki ne, ya ci amanar mai karatu, kuma ba za a sake ba shi bashi ba.

Ga masu kallo kuma, musamman 'yan ajin ƙarshe da jarrabawa take ƙarato musu. Wanda ya shirya fim mai dogon zango ya san aikinsa. Da gangan ya ajiye wuri mafi zafi a minti na ƙarshe, don yatsanka ya danna na gaba. Haka ake cewa bari in ga ɗaya kawai, a farga an yi kiran assalatu, littafi yana nan a rufe. Wata dabara da wasunmu suka gwada ta yi musu amfani ita ce, in dai za ka kalla, kada ka tsaya a ƙarshen kashi. Ka shiga na gaba kaɗan, ka ga yadda aka warware, da zarar labari ya lafa ka kashe waya. Wanda ya san inda aka ɗana tarko ya fi sauƙin tsallake shi.

Aikin gida

Cike kowane gurbi da ɗaya daga cikin waɗannan: cliffhanger, suspense, suspension, suspicion, surprise.

1. The captain missed the match because he was on ............
2. Episode ten ended on a ............
3. The police arrested him on ............ of theft.
4. The principal kept us in ............ before reading out the results.
5. To our ............, the smallest boy in the class won the race.

Sannan a rubuta jimla biyu ta Turanci, ɗaya da cliffhanger ɗaya da suspense, a kan wani abu da ya faru a unguwarku. A sa suna da aji, a jefa a akwati kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa amsoshin da jimloli uku da suka fi kyau a fitowa ta gaba, tare da kashi na biyu na labarin yaron Kasuwar Kurmi, wanda muka san bashi ne a wuyanmu.

Allah Ya ƙara mana basira, Ya ba 'yan ajin ƙarshe sa'ar jarrabawa. Sai mun sake haɗuwa.

Daga 'yan Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta